FASA-ƘABA: CIYAWAR DA MUKE TAKAWA, ALHALI KUWA MIYA CE

A wata Juma'a da hantsi, cikin farkon damina, na fita da 'yan ajina don mu nome ciyawar da ta cika filin makarantarmu a nan Kotobabi, kamar yadda muka saba duk lokacin da ruwa ya sauka. Kafin a buga ƙararrawa yaran sun tara tsibi guda na wata 'yar ciyawa mai jan kara da ganye mai kauri, suna shirin kwashe ta zuwa juji. Sai ga tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofar makaranta ta taso da ƙaramin kwanonta, ta tsuguna tana tsince masu kyan ciki. Na ce mata, "Mma, ko kina kiwon zomo ne?" Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Ticha, kai da kake koya wa yara ilmi ba ka san fasa-ƙaba ba? Wannan da kuke zubarwa ai miya ce."

Gaskiya kunya ta kama ni a gaban yaran, domin na yi shekara 3 a kwalejin horon malamai, na kuma daɗe ina koyar da kimiyya, amma ban taɓa sanin sunan ciyawar da nake takawa kullum ba. Da na koma gida na kai wa mahaifiyata reshe ɗaya. Tana gani ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce da ita da alefun daji da bokoboko suka rufa musu asiri a yunwar 1983, lokacin ina ɗan ƙarami ban san abin da duniya ke ciki ba. Manyanmu ba su manta da wannan shekara ba. Fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki, ga kuma mutum wajen miliyan ɗaya da gwamnatin Nijeriya ta koro suka dawo Gana a farkon shekarar. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, aka riƙa kiransa sarƙar Rawlings. A irin wannan hali ne matan zango suka koma ga ganyen da iyayensu suka sani tun daga Arewa.

Tun daga ranar na sa kaina binciken wannan ciyawa, na kuma shiga shuka ta a gida da makaranta. Abin da na samu shi ne nake so in raba da mai karatu a wannan wata.

YADDA ZA KA GANE TA

Fasa-ƙaba ba ta miƙewa sama, shimfiɗewa take yi a ƙasa kamar tabarma, rassanta suna fita daga tushe ɗaya zuwa kowace kusurwa. Karanta ja-ja ne, sumul, cike da ruwa. Ganyenta kore ne mai kauri da sheƙi, ya fi faɗi daga ƙarshe, shi ya sa waɗansu Hausawa ke ce mata harshen saniya. Furenta ƙanana ne, ruwan ɗorawa, masu ɓare 5, kuma da safe kaɗai suke buɗewa idan rana ta haska, bayan 'yan sa'o'i su rufe. Idan furen ya faɗi sai ya bar ɗan ƙoƙo mai murfi, kamar ƙaramar tukunya, in ya nuna murfin ya faɗi, baƙaƙen iri ƙanana kamar yashi su zube. Tana da ƙanwa mai ƙananan ganye da fure mai ɓare 4, wadda ke da ɗan gashi a gaɓoɓinta, tana kuma kafa saiwa duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa. Ita ma ana ci, amma babbar ta fi auki, kuma ita nake magana a kai.

A nan akwai gargaɗi. Akwai wata ciyawa daga dangin nonon kurciya da takan tsiro tare da ita, ita ma shimfiɗewa take yi, ita ma karanta ja-ja ne. Bambancinsu a fili yake ga wanda ya lura: karan nonon kurciya siriri ne kamar zare, ganyenta ba shi da kauri, kuma in ka karya ta sai farin ruwa kamar nono ya fito. Wannan ba ta miya ba ce, tana iya ɓata ciki, ruwanta kuma yana cutar da ido. Ruwan fasa-ƙaba garai yake, mai ɗan yauƙi. Ka'idar da na koya wa yarana ke nan: karya ka gani, in fari ya fito ka yar.

Sunan da kansa ya nuna aikin da kakanninmu suka ba ta, wato a dandaƙa ganyen a ɗora a kan ƙaba ko kumburi. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, ya sa ta cikin littafinsa. Masana kimiyya kuwa suna kiran ta Portulaca oleracea.

A WAJE ABINCIN KASUWA CE

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wasu ƙasashe suka ɗauke ta da daraja. A Sudan da Masar rijla ake ce mata, ana sayar da ita ɗauri-ɗauri a kasuwa, a dafa ta da nama. Mutanen Lebanon, waɗanda muke da su da yawa a nan Ankara, suna sa ta ɗanya cikin haɗin ganyensu. Turkawa suna cin ta da kindirmo da tafarnuwa, mutanen Meziko kuma suna dafa ta da nama da barkono. Larabawan da suka laƙaba mata suna baƙlatul hamƙa'u, wato ganye mai wauta, saboda takan tsiro a hanyar ruwa inda ambaliya za ta zo ta tafi da ita. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

A 1986 wata likita a Amurka, Artemis Simopoulos, tare da abokin aikinta, suka sanar da cewa ganyen fasa-ƙaba yana ɗauke da wani irin mai da ake kira omega-3, wanda ke da amfani ga zuciya, fiye da ganyayen miya da aka saba aunawa. Binciken da suka ƙara yi a 1992 ya nuna cewa giram 100 na ɗanyen ganyen na da miligiram 300 zuwa 400 na wannan mai. Har ila yau akwai bitamin A da bitamin C da bitamin E a cikinta, da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 2 a kowane giram 100.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Binciken lafiyar jama'a na ƙasar Gana na 2022 ya nuna cewa kusan rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba suna da ƙarancin jini, haka ma mata 4 cikin kowane 10 na masu shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. To, a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin 100, kuma duk uwar da ta shiga kasuwar Nima ko ta Malam Atta a wancan lokaci ta san cewa idan kuɗin cefane ya gaza, ganye ake fara ragewa. Ba na cewa fasa-ƙaba za ta warkar da ƙarancin jini, wannan aikin asibiti ne da cin abinci iri-iri. Abin da nake cewa shi ne, ganyen da zai fito a galan ɗaya a bakin ƙofa ba tare da an kashe ko sidi ɗaya ba ya cancanci a dube shi. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, wannan kuwa har daɗin gare ta.

TA BAKIN KWATA BA TA CIYUWA

Yanzu mu koma ga wautar da Larabawa suka ambata. A unguwanninmu inda fasa-ƙaba ta fi yin kyau shi ne bakin kwata, gefen babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi, da bayan ɗakunan wanka, da kan juji. Tana yin fresh a can saboda danshi da taki, amma wane irin taki? Kowa ya san abin da ake zubawa a kwatocinmu da dare. A 2014 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, ta kashe sama da 240, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. Masu binciken cibiyar IWMI da ke nan Ankara sun sha auna ganyen da ake ba ruwan kwata a lambunan cikin birni, suka tarar da ƙwayoyin cuta na bayan gida da ƙwan tsutsar ciki a jikinsa. Bugu da ƙari, fasa-ƙaba tana zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasar da ta gurɓata, irin ƙasar da aka zubar da tsofaffin batura ko baƙin man mota, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikin ganye.

Saboda haka kada wanda ya karanta wannan ya tura yaro bakin kwata ya tsinko. Na bayyana wa tsohuwar nan mai koko wannan magana, ta ce, "Ticha, ai shi ya sa nake tsintar ta filinku, nan babu mai zuba ƙazanta." Ashe ta riga ni. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya shuka tasa a inda ya san ƙasar, ya san ruwan.

YADDA AKE SHUKA TA A GIDAN HAYA

Yawancinmu a gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida kuma siminti ce. Wannan ba ya hana komai, domin saiwar fasa-ƙaba ba ta bukatar zurfi sosai. Tsohon galan ɗin ruwa mai ruwan ɗorawa, wanda muke kira galan Kufuor, in ya fashe kada a yar. A kwantar da shi a yanke gefe ɗaya, a huda ƙasansa wuri 6 ko 8 da ƙusa mai zafi. Tsohon baho ko bokiti ko buhun shinkafa duk suna yi, muddin zurfin ƙasar ya kai taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Galan da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki kam a guje shi.

Ƙasar da take so ita ce mai yashi, wadda ruwa ke wucewa. Ni nakan haɗa kashi 2 na ƙasa mai kyau, kashi 1 na yashi, da kashi 1 na taki da ya ruɓe sarai. Kashin tumaki da ake sharewa bayan Babbar Salla yana da kyau ƙwarai in aka tara shi aka bar shi wata 2 ko 3 ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, kuma yana ɗauke da cuta. Kada a ɗebi laka da aka yaso daga kwata ranar aikin gayya, ko da ta yi baƙi ta yi kyau a ido.

Hanyar shuka biyu ce. Ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a yanko reshe mai tsawon yatsa daga tsiro mai lafiya, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin ƙasa mai ɗan danshi. Cikin mako guda zai kama. Ta biyu ita ce iri. A nan ne na yi kuskurena na farko: na binne irin kamar yadda ake binne masara, na yi ta jira har mako 3 ban ga komai ba. Irin fasa-ƙaba yana bukatar haske kafin ya tsiro. A gauraya shi da ɗan busasshen yashi don ya rarrabu, a barbaɗa a saman ƙasa, a danna da tafin hannu kawai, sa'an nan a yayyafa ruwa a hankali don kada ya kwashe shi. A zafin Ankara yakan fito cikin mako guda ko ƙasa da haka. Idan tsiron ya yi ganye 4 sai a rage, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakani.

Rana ita ce abincinta. A ajiye galan inda zai sami rana aƙalla sa'a 6. A inuwa takan yi tsawo, ta yi siriri, ganyen ya ƙanƙance. Kuskurena na biyu shi ne ruwa. Na raba wa yara galan 12, kowane rukuni da nasa, sai suka shiga gasar ban ruwa safe da rana da yamma. Kafin mako 2 galan 5 sun ruɓe daga tushe. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na wasu yara malalata da suke mantawa da nasu. Ka'idar ita ce a soka yatsa cikin ƙasa, in da danshi a ƙyale ta, in ta bushe a ba ta. Da rani sau ɗaya a kwana 2 ya isa. A lokacin babbar damina, daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, a ɗora galan a kan bulo ko a matsar da shi ƙarƙashin baranda idan ruwa ya yi yawa. Ruwan alwala da aka tara a kwano da ruwan wankin shinkafa sun wadatar, sai dai a zuba a gindi. Ruwan sabulu da ruwan kwata ba su da wuri a nan.

Dalilin jimirinta ga ƙishirwa abin sha'awa ne ga ɗalibin kimiyya. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, a nan ne kuma ruwa ke tsere musu. Fasa-ƙaba idan ruwa ya wadata tana aiki irin na masara da dawa, wanda ke sa saurin girma a zafi. Idan fari ya zo sai ta juya ta koma irin na abarba, ta rufe ƙofofin da rana, ta buɗe da dare, ta adana iskar a matsayin wani ruwa mai tsami har gari ya waye. Masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a 2022 cewa tana haɗa hanyoyin nan biyu a cikin ganye ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba, kuma suna fatan wannan ilmi zai taimaka wajen samar da amfanin gona mai jure fari. Wannan ne ma ya sa ganyen da aka tsinka da sassafe ya fi tsami, wanda aka tsinka da la'asar kuma ya fi laushin ɗanɗano, musamman da rani.

Abokan gabarta a tsakar gida su ne kaji da awaki da yara ƙanana. Kaji suna son ta ƙwarai, kuma tana yi musu amfani, amma in ba a ɗaga galan sama ko an rufe da tsohon gidan sauro ba, ba za su bar ko ganye ɗaya ba. Idan ƙananan ƙwari suka taru a kan toho, a yanke reshen a yar. Babu bukatar fesa magani a kan abin da za a ci cikin 'yan kwanaki.

GIRBI DA AJIYE IRI

Bayan mako 5 zuwa 6 da shuka ana iya fara yanka. A yanki kan rassan da wuƙa ko almakashi, a bar kamar tsawon yatsa daga ƙasa, za ta sake tohowa cikin mako 2 ko 3, a yanka sau 3 ko 4 kafin ta tsufa. Ganyen ya fi taushi kafin ta yi fure. A bar tushe ɗaya ko biyu su yi iri. Idan ƙoƙunan suka fara bushewa a tuge tushen, a shanya a kan takarda a inuwa, irin zai zube da kansa, sai a zuba a kwalba mai murfi.

Wajen iri kam ba ta da rowa, domin tushe ɗaya mai ƙarfi yana iya zubar da iri fiye da 200,000. A 1879 wani malami a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi iri-iri don a riƙa tonowa lokaci-lokaci ana gwadawa, kuma irin fasa-ƙaba ya tsiro bayan shekara 40 a ƙasa. Shi ya sa manomi ke ƙin ta, shi ya sa kuma muke nome filin makaranta kowace shekara tana dawowa. Ko tuge ta aka yi aka yar, ruwan da ke jikinta yana isar ta ta nunar da irinta. Wanda ke da lambun alefu ko latas a kusa sai ya kula, kada ya bar ta ta zubar da iri a ciki.

A TUKUNYA

A wanke ta da ruwa mai tsabta sau 2 ko 3, domin yashi na maƙalewa a gaɓoɓinta. Tana da ɗan yauƙi, don haka tana shiga miyar ayoyo ta tuwon zafi ba tare da an ji baƙo ba, sai dai a sa ta daga ƙarshe, minti 5 ya ishe ta. Mahaifiyata takan tafasa ta kaɗan, ta tsane ruwan, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono, kamar yadda ake yi wa zogale ko rama. Ana kuma soya ta da ƙwai da tumatir a ci da burodi ko doya. Dafawa ita ce hanya mafi aminci, musamman ga yara.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Fasa-ƙaba na da yawan wani sinadari da ake kira okzalet, wanda ke taimakawa wajen haifar da tsakuwar ƙoda. Duk wanda ya taɓa yin wannan ciwo, ko yake da wata cutar ƙoda, ya nisance ta sai ya tambayi likita. Tafasawa a zubar da ruwan farko yana rage sinadarin, haka ma cin ta da nono ko kindirmo, irin yadda Turkawa ke yi. Mai lafiya ma ya riƙa sauyawa, yau ita, gobe alefu, jibi kontomire ko kuka. Game da ɗora ta a kan kumburi kuwa, kumburin da ya zo da zazzaɓi, ko ya kwana 2 bai sauka ba, ko ya fito a ƙafar mai ciwon sukari, na asibiti ne, kada a tsaya jiran ganye.

KIRA GA JAMA'A

A 1972 gwamnatin Acheampong ta fito da shirin nan na kowa ya ciyar da kansa, iyayenmu suka yi lambu a bayan gida da filayen makarantu. Yau filayen sun zama ɗakuna da shaguna, amma galan da baho ba su ƙare ba. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, na boko da na allo, kowane aji ya ajiye galan 2 ko 3, yara su ga yadda iri ke zama abinci, su kuma koyi sunan tsiron da Hausa. Yaranmu da yawa a zango sun san kabeji da karas, amma ka tambaye su tafasa ko gasaya ko yaɗiya su yi ta kallonka. Masu gidajen haya su ma su yi haƙuri da galan ɗaya a bakin ƙofar ɗan haya, tunda an huda shi ba ya tara ruwan da sauro zai yi ƙwai.

Matasa kuma su zauna da tsofaffinmu mata su tambaye su ganyayen da suka sani tun suna da rai, domin ni da takardar shaidata sai da mai koko ta koya mini. Wanda yake son reshe ko iri don gwaji, ya tambayi kowace tsohuwa a unguwarsa ta nuna masa ta wuri mai tsabta, reshe ɗaya ya isa farawa. Allah Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya kare mu daga yunwa irin ta 1983, amin.